Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Majalisar Tuntuɓa ta Sake Gina Ƙasa: a ba kowace gunduma ɗan majalisar da ta sani

Zuwa ga mai girma shugaban Majalisar Tuntuɓa ta Sake Gina Ƙasa, wato CCR, da dukan mashawartan da ke zama a cikinta, Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, ina yi muku barka da aiki, tare da roƙon Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya jiƙan sojojinmu da talakawanmu da suka rasa rayukansu a wannan fitina da ta same mu, ya kuma yi muku jagora a kan nauyin da aka ɗora muku.

Ni tsohon malamin makaranta ne, haifaffen Adar, mazaunin birnin Tawa. Na yi fiye da shekaru 30 ina koyarwa a ƙauyukan wannan jaha kafin in ajiye alli, kuma kamar yawancin malaman zamanina, an sha kira na aikin zaɓe, wani lokaci a matsayin magatakardan rumfa, wani lokaci a matsayin shugabanta. Na ƙirga ƙuri'u a kan teburin aji da hasken fitilar ƙwai, wakilan jam'iyyu suna tsaye a kaina, na kuma rungumi akwati a bayan mota har zuwa babban garin gunduma cikin dare. Da wannan ɗan sanin da na samu a rumfa nake rubuto muku game da zaɓen ƴan majalisar dokoki, waɗanda a nan muka fi kira depitoci.

Na san akwai wanda zai ce lokacin wannan magana bai yi ba. Tun ranar 26 ga Yuli 2023 ba mu da majalisar dokoki, a watan Maris na 2025 an rusa jam'iyyun siyasa, kuma kundin da ake mulki da shi yanzu ya tanadi watanni 60 waɗanda za a iya sake duba su gwargwadon halin tsaro. Duk da haka nake ganin yanzu ne ya fi dacewa a yi ta, domin tun ran gini ran zane. A iya sanina, duk lokacin da aka taɓa dokar zaɓe a ƙasar nan ana gab da zaɓe ne ko kuma ana cikin rikici, kowane ɓangare yana riƙe da alƙalami yana lissafin kujerun da zai samu ko zai rasa. Yau babu mai takara, babu jerin sunayen da ake jayayya a kai, saboda haka za a iya duba abin da idon basira. Ku kuma aikinku shi ne ba da shawara ga masu mulki, shi ya sa na kawo kukana ƙofarku.

Bari in fara da abin da ya faru a gabana. A ƙauyen da na yi koyarwa ta ƙarshe, wata shekara guguwar farkon damina ta yaye rufin azuzuwa biyu, a wannan watan kuma babbar rijiyar garin ta rufta. Mai gari ya tara dattawa, aka yanke shawarar cewa bayan an kai kuka wurin hukumomin da ke kusa, a je a sami depite ya ɗaga maganar a Yamai. Sai wani dattijo da ya jefa ƙuri'a a kowane zaɓe tun 1993 ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai da ka yi boko, wane ne depitenmu?" Na buɗe baki zan amsa, sai na ga ba ni da amsa. Jahar Tawa tana da depitoci da yawa, dukansu a takarda namu ne, amma babu ko ɗaya da zan iya nunawa in ce wannan shi garinmu ya aika. Mun yi tattaki mun sami na farko, ya karɓe mu da mutunci, ya ce shi ɗan wani ɓangaren jahar ne, mu nemi na wajenmu. Na biyu ya sa aka duba sakamakon rumfarmu, aka gaya mana garinmu wata jam'iyya ya zaɓa. Na uku kuwa ba mu taɓa samunsa ba, kullum yana Yamai. Ba na zargin mutanen nan da mugun hali, don ban ga sun karya wata doka ba. Dokar ce ta tsara abin ta yadda kowannensu zai iya cewa ba shi aka aika ba, kuma ya zama ya faɗi gaskiya.

Kun fi ni sanin yadda tsarin yake, amma zan maimaita shi saboda masu karatu. Majalisar da aka zaɓa a 2016 da ta 2020 kujeru 171 aka tanadar musu. Daga ciki 158 ana raba su ne tsakanin jahohi 8, kowace jaha mazaɓa ce guda ɗaya, sai kujeru 8 na mazaɓu na musamman da aka ware don ƙananan al'ummomi, sai 5 na ƴan Nijar mazauna ƙetare. Rabon jahar Tawa kujeru 30 ne, ban da kujerar musamman ta Tasara. Kowace jam'iyya tana kawo jerin sunayenta, mai zaɓe ya zaɓi jerin gaba ɗaya, ba shi da ikon ɗaga wani suna ko sauke wani, sannan a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu. Abin da tsohuwa take dubawa idan ta shiga bayan labule shi ne alamar jam'iyya da launinta. Na sha ganin mutum ya fito daga rumfa yatsansa da tawada, idan ka tambaye shi sunan mutum biyu daga cikin waɗanda ya aika majalisa ba zai iya kawowa ba, kuma wannan ba laifinsa ba ne.

Ku dubi faɗin wannan mazaɓa guda. Ta tashi daga Ƙonni a bakin iyakar Najeriya har zuwa Tilliya a wajen iyakar Mali, gundumomi 12 da birnin Tawa. A cikinta akwai manomin albasa na Galmi wanda damuwarsa ita ce farashin buhu da inda zai adana amfaninsa, akwai makiyayin Abalak da Cintabaraden wanda damuwarsa rijiya ce da burtali, akwai mutumin Keita da Buza da ke fama da zaizayar ƙasa, ga kuma garuruwan da samarinsu ke watsewa ci-rani zuwa Abijan, Libiya da Aljeriya da zarar an cire amfanin gona. Mutum 30 da aka zuba cikin ƙwarya ɗaya aka ce su ne wakilan duk waɗannan, babu wanda aka ɗaura wa wani yanki a wuya, to ta yaya za a tsare ɗayansu a tambaye shi abin da ya yi?

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne inda ake yanke hukuncin wanda zai shiga jerin da wanda ba zai shiga ba. A Yamai ake yin sa, wurin uwar jam'iyya, tsakanin shugabanni kaɗan da masu kuɗin da ke ɗaukar nauyin yaƙin neman zaɓe. Ɗan siyasar da ya ci rana yana bin ƙauyuka, yana halartar jana'iza da suna, yana tara wa jam'iyya ƙuri'u, sau da yawa shi ake bari a baya idan an zo rabon kujeru, wanda kuma shugabanni suke so ya shiga ko da mutanen karkara ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Depiten da ya san cewa shugaban jam'iyya ne ya ba shi kujera, kuma shi ne zai iya hana shi ita bayan shekaru 5, ga shugaban nan zai karkata kunnensa. Tsarin mulkin 2010 ya ƙara ɗaure shi, domin ya ce duk depiten da ya fita daga jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa, mataimakinsa ya gaje shi. An yi wannan ne don hana yawon siyasa, kuma niyyar mai kyau ce, amma da aka haɗa shi da jerin da ba a taɓawa sai ya zama depite yana da ubangida ɗaya tak, kuma ubangidan nan ba talakan da ya yi layi a rana ba ne. Hakan bai ma hana yawon ba, don duk mun ga yadda manyan jam'iyyu suka dare gida biyu bayan kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa a 2013.

Sai kuma ranar zaɓen kanta. Tun daga 1999, in ban da zaɓen Oktoba 2009 da ƴan adawa suka ƙaurace wa, kullum ana haɗa zaɓen depitoci da na shugaban ƙasa a rana guda. A 1999 da 2004 an haɗa shi da zagaye na biyu, a ranar 31 ga Janairu 2011, da 21 ga Fabrairu 2016, da 27 ga Disamba 2020 kuma an haɗa shi da zagayen farko. Na fahimci dalilin, ƙasa ba ta da kuɗin shirya zaɓe sau da yawa. Amma ni da na zauna a rumfa na ga abin da hakan yake haifarwa. Duk waƙoƙin makaɗa, duk hotunan da ke jikin atamfa da riguna, duk hirar da samari ke yi a fada wurin shan shayi, a kan ɗan takarar shugaban ƙasa suke. Akwati na biyu kuwa mutum yana jefa ƙuri'a a cikinsa ne kawai don ya bi jam'iyyar gwaninsa. Ta haka majalisar da aka kafa don ta sa wa gwamnati ido take fitowa daga cikin rigar shugaban ƙasa.

Masu girma mashawarta, kada a ɗauki wannan kuka nawa a matsayin goyon bayan masu cewa majalisa ba ta da amfani, ko jam'iyyu da yawa su ne cutar ƙasar nan. Ni na rayu a zamanin da babu zaɓi. Na ga zaɓen Disamba 1989, lokacin da aka kawo jeri guda na jam'iyya guda, mutum 93, aka ce mu amince. Ina cikin ƙarfina lokacin da aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, na kuma bi zaman babban taron ƙasa ta rediyo daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou, lokacin da a karon farko muka ji ana yi wa manya tambaya a bainar jama'a suna amsawa. Ba zan manta da layin da mutane suka yi a watan Fabrairun 1993 ba, da aka zaɓi majalisa mai kujeru 83, MNSD Nasara ta sami 29, ƙawancen AFC na CDS Rahama da PNDS Tarayya da ANDP Zaman Lahiya da abokansu ya sami 50. Ranar nan tsofaffi sun zo rumfa da rigunan sallarsu.

Kuma majalisar ta sha nuna cewa tana da haƙora. Ranar 31 ga Mayu 2007 depitoci 62 daga cikin 113 suka kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa, gwamnatin firaminista Hama Amadu ta faɗi a kan batun kuɗin ma'aikatar ilimi, ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba. Mu malaman makaranta mun ji wannan rana a jikinmu, don kuɗin littattafan yaranmu ake magana. A 2009 kuma, da marigayi shugaba Tandja Mamadu ya nufi tazarce, sai da ya rusa majalisa ranar 26 ga Mayu kafin ya sami hanya, abin da ke nuna cewa ko mai mulki ya san ba turaka ce ta banza ba. Amma ku dubi ɗaya fuskar. Rikicin da ya kai ga rusa majalisa a 1994, da zaɓen Janairu 1995 da ya ba ɓangaren adawa kujeru 43 daga cikin 83, da zaman doya da manja tsakanin shugaba Mahamman Usman da firaminista Hama Amadu har sojoji suka karɓi mulki ranar 27 ga Janairu 1996, duk ƙulle-ƙulle ne da warware-warware na shugabannin jam'iyyu a babban birni. Depitoci suna bin shugabanninsu duk inda suka juya, kuma babu wanda ya ji dole ne ya koma gida ya tambayi waɗanda suka zaɓe shi, domin ba shi da wani gida takamaimai da zai koma. A ganina, rusa jam'iyyun da suka haura 100 bai taɓa wannan saiwa ba. Idan gobe aka ba da izinin kafa sababbi, aka kuma bar jaha a matsayin mazaɓa da jerin da ake rubutawa a Yamai, sababbin jam'iyyun za su haifi irin depitocin da muka sani.

Abin da nake roƙo ku sa a cikin shawarwarinku shi ne a mayar da gunduma ta zama mazaɓar ɗan majalisa. Muna da gundumomi 63 da manyan birane 4, wato Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram. A ba kowace kujeru gwargwadon yawan jama'arta, inda jama'a suka yi yawa kamar Madawa ko Ƙonni a raba ta ƙananan mazaɓu bisa iyakokin ƙananan hukumomi. A sa sunan ɗan takara da hotonsa a kan takardar ƙuri'a kusa da alamar jam'iyyarsa, a kuma shardanta cewa mutumin yana da gida da zama na gaskiya a wurin da yake neman wakilta. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, domin tun 1993 mutum ɗaya aka riƙa zaɓa a kowace mazaɓa ta musamman. Lokacin da ake da majalisa, mutumin Tasara, ko na Bilma, Teskar da Ngurti, kujera ɗaya gare shi, ya san wanda ke kanta, ya san danginsa, ya san ƙofar gidansa. Abin da aka ga ya dace da su, ban ga dalilin da zai hana shi dacewa da mutumin Bagaruwa ko Malbaza ba.

Ba na cewa a jefar da rabon kujeru bisa yawan ƙuri'u gaba ɗaya, domin shi ne yake hana babbar jam'iyya haɗiye komai, shi ne kuma yake ba ƙaramar jam'iyya mai magoya baya a warwatse damar samun murya. Senegal ta haɗa hanyoyin biyu. A majalisarta mai kujeru 165, ana zaɓen 112 a gundumomi da mazaɓun ƙetare, 53 kuma a raba su bisa jerin ƙasa baki ɗaya. Sai dai su ma suna da nasu aibin da ya kamata mu kauce wa, don a can jerin da ya zo na ɗaya a gunduma shi ke kwashe dukan kujerunta, shi ya sa a zaɓen Nuwamba 2024 jam'iyyar Pastef ta tashi da kujeru 130, abin da ya zarce rabonta na ƙuri'u nesa. Masananmu na shari'a suna iya auna inda ya kamata mu tsaya, misali a bar kashi ɗaya cikin uku na kujeru a jerin ƙasa, a kuma yi amfani da shi wajen cike wa jam'iyyun da suka sami ƙuri'u masu yawa amma suka rasa kujerun gundumomi.

Na san abin da ake tsoro, kuma ban raina shi ba. Ana cewa ƙaramar mazaɓa za ta farfaɗo da ƙabilanci da rikicin gidajen sarauta, za ta kuma miƙa kujeru ga attajirai. Mu da ke kusa da iyaka muna ganin abin da ke faruwa a ƙetaren Ƙonni, a jahar Sakkwato, inda kowane ɗaya daga cikin wakilai 360 na majalisar Najeriya yake da mazaɓarsa, kuma mun san kuɗi suna aiki sosai a can. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kuɗi sun yi aiki a nan ma. Na ga buhunan sukari da turamen atamfa suna shiga gari da dare, na ga ana raba jika ɗaya, jika biyu a bayan makaranta. Bambancin kawai shi ne a tsarinmu attajiri yana sayen wurinsa a jeri sau ɗaya daga hannun shugabanni, ba ya sake bukatar kowa, alhali a ƙaramar mazaɓa dole ya dawo gaban mutanen da suka san shi, kuma suna iya kayar da shi shi kaɗai ba tare da sun juya wa jam'iyyarsu baya gaba ɗaya ba. Maƙwabtanmu na Sakkwato, duk da matsalolinsu, idan gada ta karye sun san sunan wanda za su kira a rediyo. Maganin kuɗi shi ne doka mai iyakance abin da ake kashewa, da kotun da za ta ƙwace kujerar wanda aka kama yana sayen ƙuri'a. Game da ƙabilanci kuwa, gundumominmu da yawa gauraye suke, Bahaushe da Buzu da Bafulatani suna cin kasuwa ɗaya, kuma ɗan takarar da ke bukatar ƙuri'un maƙwabtansa na kusa ya fi wanda ke Yamai sanin hatsarin kunna wutar da za ta ci gidansa.

Akwai tsoro guda da na fi ɗauka da nauyi, shi ne na kujerun mata. A majalisar 1999 mace ɗaya ce kacal a cikin 83. Dokar kaso ta shekarar 2000, da ta wajabta kashi 10 cikin 100, ita ta kai su 14 a 2004, daga baya aka ɗaga kason zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Jerin sunaye ne ya sauƙaƙa wannan, kuma idan aka koma kujera ɗaya ɗaya ba tare da tanadi ba, na tabbata maza za su cinye kusan duka. Ni na koyar da ƴan mata da yawa waɗanda suka fi ƴan'uwansu maza kai, ba zan so gyaran da nake roƙo ya rufe musu ƙofa ba. Ana iya ware kujerar mace a kowace gunduma ko a haɗakar gundumomi biyu, kamar yadda Benin ta ware kujeru 24 daga cikin 109 a zaɓenta na 2023, ɗaya a kowace mazaɓa. Ta haka macen da ta shiga majalisa ita ma za ta kasance da garuruwan da suka san ta, maimakon a riƙa cewa an sa ta ne don cike lissafi.

Ina kuma roƙon ku sake duba sharaɗin takardar makaranta. Tsarin mulkin 2010 ya ce aƙalla kashi 75 cikin 100 na ƴan takarar kowane jeri su kasance masu BEPC, wato takardar kammala ƙaramar sakandare. Ni malamin boko ne, na san darajar takarda, kuma na yarda wanda zai duba kasafin kuɗin ƙasa yana bukatar karatu. Amma a ƙasar da mafi yawan manya ba su sami shiga lakwal ba, wannan sharaɗi yana ture malamin da ya haddace Alƙur'ani ya karanci fiƙihu, da shugaban makiyaya, da uwar ƙungiyar mata da gari duka ke saurare. Tun da kundin da ake aiki da shi yanzu ya ɗaga matsayin harsunanmu, hanyar da ta fi ita ce a fassara kowane daftarin doka, a kuma tanadi tafintoci a zauren majalisa don Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak, Barebari da sauransu, a bar wa masu zaɓe su auna wanda ya cancanta.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan mutane ba su iya kaiwa ga akwati. A 2016 an yi ta jayayya a kan zaɓe ta hanyar shaidu saboda ɗimbin jama'a ba su da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, kuma rajistar zamani ta 2020 mutum miliyan 7 da wani abu kawai ta ɗauka. Ranar 21 ga Fabrairu 2021 ma'aikatan hukumar zaɓe 7 suka rasu a jahar Tillaberi da motarsu ta taka nakiya, mutane irina ne da suka fita aikin rumfa da safe. Bayan wata ɗaya, ranar 21 ga Maris, aka kashe mutum 137 a garuruwan gundumar Tilliya. Waɗanda suka tsira daga irin waɗannan hare-hare suna zaune yau a gefen wasu garuruwa, da yawansu ba takarda ko ɗaya a hannunsu. Idan gunduma ta zama mazaɓa, dole a tanadi yadda ɗan gudun hijira zai zaɓi wakilin garinsu na asali daga inda yake fake, domin shi ya fi kowa bukatar mai magana da yawunsa. Haka ma ƴan ci-rani, a daina sa zaɓe a lokacin da rabin samarin Adar ba sa gida ba tare da an yi musu wata hanya ba. Aikin ba mutane takardar haihuwa kuwa ba ya jiran ranar zaɓe, ana iya fara shi tun bana.

Idan an zaɓi depite da sunansa, sai a ɗora masa wajibin dawowa. A rubuta a doka cewa bayan kowane zaman majalisa zai yi taro a fili a babban garin mazaɓarsa, ya faɗi dokokin da aka kawo da yadda ya kaɗa ƙuri'a a kan kowace, jama'a su yi masa tambaya, gidajen rediyon karkara su watsa. A kuma riƙa rubuta ƙuri'ar kowane depite da sunansa, a buga ta inda kowa zai gani. A raba ranar zaɓensu da ta shugaban ƙasa ko da da ƴan makonni ne, ko a haɗa shi da zaɓen ƙananan hukumomi idan kuɗi ne matsala, domin a sami lokacin da za a yi maganar rijiya, gidan likita, burtali da farashin taki ba tare da hoton ɗan takarar shugaban ƙasa ya rufe komai ba.

Roƙona na ƙarshe ya shafi yadda za ku tattara ra'ayi a kan wannan batu. Kada a tsaya ga taron masana a otal-otal na Yamai. Ku aiko wakilanku su zauna ranar kasuwa a Badagishiri, a Tunfafi, a Abalak da Ibohaman, su tambayi masu sayar da dabbobi da mata masu awo tambayar da dattijon nan ya yi mini, su rubuta amsar da za su ji. Idan tawagarku ta iso Tawa, ni da wasu tsofaffin malaman da muka yi aikin rumfa tare a shirye muke mu zo mu ba da shaidar abin da muka gani, mu kuma raka ku ƙauyen da na ambata ku ji daga bakin mutanensa.

Allah ya ja zamaninku, ya sa ku gama lafiya. Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
wani tsohon malamin makaranta kuma tsohon shugaban rumfar zaɓe,
daga birnin Tawa.